Littattafan hotuna na ƙuruciya: su ne ke haifar da marubuci da mai zane?

Malamin_Aji_Uku
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. A makon jiya ina kintsa wata tsohuwar adaka ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, sai na ci karo da littafin da aka fara koya mini karatun boko da shi, wato Ka Koyi Karatu. Bangonsa ya tafi, gara kuma ta ci gefen shafukansa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne tun kafin in karanta ko kalma ɗaya na riga na san abin da ke shafi na gaba, domin hotunan suna nan daram a kaina bayan fiye da shekara talatin, alhali jimlolin sun daɗe da ɓacewa. Na yi shekara goma sha bakwai ina koyarwa a firamare, kuma na lura cewa yaron da yake daɗewa yana kallon hoto kafin ya yarda a juya shafi, shi ne yakan zo daga baya da nasa labarin ko da nasa zanen a bayan littafin rubutu. Saboda haka ni a ganina, marubuci da mai zane duk daga littafi mai hotuna na farko suke tsirowa. Ina roƙon marubuta da masu zane da ke cikinmu su gaya mana wane littafi ne ya fara kama su, kuma ko suna ganin sawunsa a aikin da suke yi yanzu.

Dattijon_Unguwa
Wa alaikumus salam. Malam, ka sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Mu a zamaninmu Magana Jari Ce ne sarkin littattafai, kuma kwafi ɗaya yakan zagaya yara biyar ko shida, kowa da darensa. Ran da layi ya zo kaina, sai in zauna a zaure da fitilar aci-balbal, ƙannena su kewaye ni, ni ina karantawa su kuma suna jiran in iso shafin da ke da zane. Zanen baƙi da fari ne, ba launi ko ɗigo, amma da mun iso wurin sai karatu ya tsaya, a yi ta gardama a kan wane ne sarki wane ne waziri. Ban zama marubucin da duniya ta sani ba, sai dai duk gajeren labarin da na taɓa rubutawa, idan na duba da kyau sai in tarar wani ne zaune yana ba wani labari, kamar yadda aku yake ba Musa. Wannan gadon daga can na ɗauko shi, ban kuwa iya rabuwa da shi ba.

Fensir_da_Gawayi
Baba Dattijo, Allah ya ƙara girma, ina neman izinin yin ɗan gyara a matsayina na wanda zane ne abincinsa. Akwai bambanci tsakanin littafin da aka sa wa hotuna da littafin da hotuna ne suke ɗauke da labarinsa. Magana Jari Ce yana cikin kashi na farko, domin ko an cire zanen gaba ɗaya labarin ba ya raguwa da komai. A kashi na biyu kuwa, idan ka cire hoton to ka rushe ginin, saboda kalmomin kan faɗi rabin zance ne kawai, sauran rabin yana cikin zanen, wani lokaci ma zanen yakan ƙaryata abin da kalmomin suka faɗa don yaro ya gano da kansa ya yi dariya. Irin wannan littafi yawanci shafi 32 ne, kuma mai tsara shi yana lissafa har wurin da za a juya shafi, domin a nan ake ɓoye abin mamaki. A cikin Where the Wild Things Are na Maurice Sendak, wanda ya fito a Amurka a 1963, hotunan suna ƙara girma shafi bayan shafi har su cinye wurin rubutu, a tsakiya a sami shafuka a jere babu kalma ko ɗaya, sannan su sake ƙanƙancewa yayin da yaron yake komawa gida. Mu da muka tashi a ƙasar Hausa, kaɗan ne cikinmu suka riƙe irin wannan suna yara. Abin da muka samu shi ne littattafan koyon karatu da littattafan labari masu zane jefi-jefi.

Dattijon_Unguwa
Na karɓi gyara, ɗana. Amma ka sani cewa a wurin yaron da bai taɓa ganin talabijin ba, zane ɗaya a cikin shafi goma ya fi shafi 32 ɗinka nauyi.

Dalibar_Adabi
Domin a fahimci dalilin da ya sa abin ya zo mana a haka, yana da kyau a tuna yadda littattafan suka samo asali. Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ita ce ta shirya gasar rubutun ƙagaggun labarai a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Bayan haka aka ɗauko Abubakar Imam daga Katsina ya zauna a Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda suka fito a ƙarshen shekarun 1930. Manufar hukumar ita ce a samar wa waɗanda suka riga suka iya haɗa baƙi abin karantawa, don kada karatun ya zube. Ba a yi tunanin yaro ɗan shekara huɗu da ke zaune a cinyar uwarsa ba, wanda shi ne ainihin mai littafin hotuna. Hukumar adabi ta Jihar Arewa, wato NORLA, a shekarun 1950 da kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, da aka kafa a 1966 sun ci gaba a kan wannan turba ta makaranta da yaƙi da jahilci. Wannan ne ya sa muka sami zuriyar marubuta masu kwaikwayon salon Imam, ba mu sami zuriyar masu zane da za a jera su kafaɗa da kafaɗa da su ba.

Mai_Ja_In_Ja
Malamin Aji Uku, da dukkan girmamawa, ban yarda da da'awarka ba, kuma hujjata tana cikin bayanin Malama Ɗalibar Adabi. Abubakar Imam da kansa, wanda aka haifa a Kagara a 1911, wane littafin hotuna na Hausa ya karanta yana yaro? Babu shi a lokacin. Abin da ya gina shi karatun allo ne da littattafan Larabci na gidan malamai, sai makarantar boko a Katsina, sai kunnen da ya sha jin hira da tatsuniya. Haka nan Sendak da ake kafa misali da shi, an sha ruwaito cewa wani fim ɗin zane na kamfanin Disney mai suna Fantasia, wanda ya kalla yana ɗan shekara 12, shi ya sa ya ƙudurta zama mai zane, dodannin littafinsa kuma daga fuskokin danginsa da ke zuwa gidansu cin abinci ya ɗauko su. Ina littafin hotuna a nan? Ni abin da na gani shi ne yaron da Allah ya ba baiwa zai kama duk abin da ya tarar a gabansa, ko littafi ne ko bangon ɗaki. Muna tuna littafin ne kawai saboda shi ne abin da ya saura a adaka, muryar kaka kuwa ba ta shiga adaka.

Uwar_Tagwaye
Yaya Mai Ja-in-ja, ko da na yarda cewa ba littafi ne yake ba da baiwa ba, ai shi yake nuna mata hanyar da za ta bi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Marubuciya Chimamanda Ngozi Adichie ta bayyana a wani jawabi da ta yi a 2009 cewa labaran da ta fara rubutawa tana yarinya a Nsukka cike suke da fararen fata masu shuɗin ido, suna wasa a dusar ƙanƙara suna cin tuffa, saboda littattafan Ingila da Amurka ta tashi tana karantawa, sai da ta karanta Chinua Achebe da Camara Laye sannan ta gane cewa irinta ma tana iya shiga littafi. Ranar da na ji wannan sai na yi dariya ni kaɗai, domin abin da ya same ni ke nan a Kaduna. Yayata tana kawo mini ƙananan littattafan yara na kamfanin Ladybird na Ingila daga wurin masu sayar da tsofaffin littattafai, kuma labarin farko da na rubuta a aji biyar, yarinyar cikinsa tana da kare da take kwana da shi a gado, tana kuma zaune a gida mai bututun hayaƙi a rufinsa. Ni da ko kusa da kare ba a bari in je! Sai da na yi aure na haihu kafin in iya rubuta tsakar gida da murhu da kishiya ba tare da jin cewa ba su isa shiga labari ba. To idan littafi bai yi tasiri ba, daga ina karen ya shigo?

Mai_Ja_In_Ja
Hajiya, wannan hujja ce mai ƙarfi, na amsa. Sai dai ki lura cewa abin da kika nuna shi ne littafi yana iya karkatar da marubuci, ba ki nuna cewa shi ne ya haife shi ba. Maganar Malam ita ce ta biyun.

Yar_Damagaram
Mu a Nijar labarin ya ɗan sha bamban. Iyayenmu da suka shiga lakwal tun zamanin Faransa da Mamadou et Bineta suka koyi karatu, littafin da André Davesne ya rubuta don makarantun Afirka ta Yamma, kuma har mu mun tarar da shi a gida. Hotunansa na baƙaƙen yara ne da ƙauye irin namu, amma harshen Faransanci ne, sannan a farfajiyar makaranta idan aka kama yaro yana Hausa sai a rataya masa alamar horo. Saboda haka matsalata ba irin ta Uwar Tagwaye ba ce. Ni na ga kaina a cikin hoton, amma yarinyar da ke cikin hoton ba ta magana da bakin uwata. Har yau idan na zauna rubuta labarin yara, jimlar farko da Faransanci take zuwa mini, sai na yi da gaske nake juyo ta. Game da zane kuwa, abin da ya fara buɗe mini ido ba a takarda yake ba, a jikin gidajen unguwar Birni ta Damagaram yake, inda magina suke fitar da ado a fuskar soro. Idan za mu bi ta wurin da mahaifiyata, nakan ja baya ina bin layukan da yatsa har sai ta daka mini tsawa.

Fensir_da_Gawayi
Tun da an nemi kowa ya faɗi nasa, bari in faɗi nawa. Ni da kwaikwayo na fara, kamar kusan duk mai zanen da na sani. Nakan yagi takarda marar kauri daga tsakiyar littafin rubutu, in shafa mata ɗan man gyaɗa don ta yi shara-shara, in ɗora a kan hoton littafin karatu in bi layin da fensir. Doki ne ya fi ba ni wahala, musamman ƙafafun baya, kuma na yi wata uku ina maimaita doki ɗaya kafin in iya fitar da shi da ka. Wani malami a makarantarmu ya kama ni ina wannan aiki lokacin darasin lissafi, ya yi mini bulala a gaban aji, ya kuma yayyaga takardun. Amma a shekarar da ta biyo baya wata malama ta ga irin wannan zanen, sai ta miƙa mini alli mai launi ta ce daga yau ni zan riƙa zana mata taswira da sassan tsiro a allo. Da a ce malamin farko kaɗai na haɗu da shi, da yanzu ina wata sana'ar. Na karanta cewa Eric Carle, mai littafin tsutsar nan mai yunwa, wato The Very Hungry Caterpillar, da ya fito a 1969, shi ma malamin zanensa a Jamus ne ya kira shi gida a ɓoye ya nuna masa ayyukan masu zanen da gwamnatin Hitila ta haramta. Saboda haka ni ina tsakanin Malam da Mai Ja-in-ja: littafin ya ba ni abin kwaikwayo, amma babban da ya ga aikin bai raina ba shi ya sa na ɗore.

Gardi_Mai_Zayyana
Allah ya gafarta malamai, ina so in tunatar da zauren nan cewa akwai yara masu ɗimbin yawa da ba su taɓa riƙe waɗannan littattafai ba, amma idonsu ya sha ado tun suna ƙanana. Almajirin da ya tashi a tsangaya yana ganin yadda alaramma yake rubuta baƙi da baƙar tawada, ya sa wasali da ja, ya ɗiga hamza da rawaya, sannan ya ƙawata alamar hizbi da sumuni a gefen takarda. Idan ɗalibi ya yi sauka kuma, akan yi masa allon zayyana mai launuka, wanda tsara shi yana buƙatar ido da haƙuri da sanin ma'auni. Ni daga nan na koyi cewa layi yana da nauyi, kuma fili ma da aka bari babu komai yana da aikinsa. Yanzu ina yi wa mutane tsarin bangon littafi a kwamfuta, kuma da wancan idon nake aiki. Wata magana kuma da ba a taɓo ba ita ce, gidaje da yawa suna da taka-tsantsan game da zanen abu mai rai. Mahaifina idan ya ga hoton mutum ko dabba a littafinmu na boko, yakan ja layi a wuyansa da alƙalami. Malamai suna da bayanai mabambanta a kan abin da ya shafi koyar da yara, kuma ba nan ne wurin fatawa ba, sai dai duk mai neman dalilin ƙarancin masu zanen littafi a cikinmu dole ya sa wannan a lissafi.

Malamin_Aji_Uku
Alaramma, na gode da ka kawo wannan cikin natsuwa, kuma ina roƙon jama'a kada mu mayar da zancen muhawarar hukunci, mu bar wa masu shi. Na karɓi cewa na taƙaita da na ce littafi kaɗai. Amma ina nan a kan cewa abin da ido ya fara sha shi yake fitowa a hannu, ko a allo aka gan shi ko a takarda.

Dan_Zango_Kumasi
Gaisuwa daga Kumasi. Mu a Ghana muna da misalin mutumin da ya haɗa abu biyun, wato Meshack Asare, wanda yake rubuta labarinsa ya kuma zana shi da hannunsa. Ya yi karatun zane a nan Kumasi, littafinsa The Brassman's Secret, wanda ya ginu a kan ƙananan ma'aunan zinariya na tagulla da Asante suke ƙerawa, ya ci kyautar Noma ta littattafan da aka buga a Afirka a 1982, sannan a 2015 aka ba shi kyautar NSK Neustadt ta adabin yara a Amurka. Na karanta shi a laburaren makaranta, kuma shi ne karo na farko da na ga an ɗauki abin da nake wucewa a kasuwa kullum an mai da shi abin al'ajabi. Sai dai mu 'yan zango muna da wani rashi na daban: Hausa muke yi a gida, Turanci da Twi a makaranta, Larabci a makarantar allo, ban kuwa taɓa riƙe littafin yara da Hausa ba sai da na girma wani ɗan'uwa ya kawo mini daga Kano. Yanzu ina ƙoƙarin rubuta wa 'ya'yana, amma ba ni da wani samfuri a kaina da zan bi, sai in ga ina fassara tsarin littattafan Turanci.

Hajiya_Ta_Ketare
Ni ina zaune a Amurka da jikoki uku, kuma a nan kusan kowane laburaren unguwa yana da sashen yara da lokacin karanta musu labari. Akwai lambar yabo ta Caldecott da ake bayarwa tun 1938, kuma ga mai zanen ake ba da ita, ba ga marubucin ba, abin da ya kamata Fensir da Gawayi ya ji daɗinsa. The Snowy Day na Ezra Jack Keats, da ya fito a 1962 ya kuma ci lambar a 1963, labarin wani yaro baƙar fata ne da ya fita wasa ranar da ƙanƙara ta sauka, kuma har yau baƙaƙen Amurka masu rubutu da zane suna ambatonsa a matsayin wurin da suka fara ganin mai kama da su. Wata rana kuma jikata ta ɗauko Ashanti to Zulu, littafin abacada na al'ummun Afirka wanda Leo da Diane Dillon suka zana, ya ci lambar a 1977, sai ga Hausa a harafin H. Yarinyar nan ta yi kwana uku tana nuna wa duk wanda ya shigo gidan shafin. Na ji daɗi, na kuma ji wani iri, domin shafi ɗaya ne tak a cikin ashirin da shida, kuma baƙi 'yan wata ƙasa ne suka zana mu.

Mai_Madaba'a
Ku yi haƙuri in shigo da maganar kuɗi, domin ita ce ke yanke hukunci a ƙarshe ko da ba a so. Dalilin shafi 32 da aka ambata daga wurinmu yake: babbar takarda ɗaya ake bugawa a naɗe ta ta ba da shafi 8 ko 16, don haka adadin shafuka yake tafiya a kan wannan ninki. Bugu mai launi yana buƙatar faranti huɗu, na shuɗi da na ja da na rawaya da na baƙi, ga takarda mai kauri wadda daga waje ake shigo da ita, farashinta kuma yana bin dala. Littafin soyayya mai shafi ɗari a takardar jarida ya fi littafin yara mai shafi 24 arhar bugawa, ya kuma fi shi saurin fita a kasuwa. Uba zai ɗaga littafin yaran ya ga jimla ɗaya a shafi, ya ce wannan ai babu karatu a ciki, ya ajiye. Sannan mu kanmu masu bugawa muna da laifi, domin sau da yawa akan biya mai zane sau ɗaya a sallame shi, ko sunansa ba a sawa a bango. Yaron da ya ƙaunaci hoton ba zai ma san cewa wani mutum ne ya zauna ya yi shi ba, balle ya yi sha'awar zama irinsa.

Dalibar_Adabi
Maganar Mai Maɗaba'a ta ƙarshe ta fi duk abin da na faɗa a sama muhimmanci. A gwada tambayar duk wanda ya yi firamare a Arewa wa ya rubuta Magana Jari Ce ko Iliya Ɗan Maiƙarfi, zai amsa nan take. A tambaye shi wa ya yi zanen da yake cewa ba ya mantawa, sai ya yi shiru. Ko Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo da ya fito a 1969, da sunan marubutan muke tuna su. Yaro yana kwaikwayon wanda aka ambaci sunansa ne.

Auta_2004
Iyayena da yayyena, ni ƙarami ne a cikinku, amma ina ganin zamaninmu ya ɗan canza lissafin. Ni ban tashi da ko ɗaya daga littattafan da kuke ambata ba. Zanen Japan da nake kalla a talabijin da wayar yayana shi ya sa na fara zane, kuma sai da wani abokina ya ce duk mutanen da nake zanawa ba su yi kama da kowa a unguwarmu ba sannan na fara zama a bakin kasuwa ina kallon yadda babbar riga take zubowa daga kafaɗa da yadda ake naɗa rawani. Yanzu akwai dandalin African Storybook da StoryWeaver a intanet, inda ake samun littattafan yara da Hausa kyauta, haka kuma ƙannena a Bauchi sun yi amfani da littattafan Mu Karanta a makaranta. Sai dai da yawa daga na intanet ɗin fassara ce, an zana su ne don yaran wata ƙasa aka sauya kalmomin, shi ya sa za ka ga an rubuta tuwo amma abin da ke cikin kwanon ba tuwo ba ne.

Mai_Ja_In_Ja
Ga shi Auta ya ƙara mini hujja, tun da shi ma ba littafi ne ya tashe shi ba. Amma bari in kawo wani abin da ya fi damuna. Lokacin da kakata take cewa ga ta nan ga ta nanku, kowane yaro a ɗakin yana da nasa Gizon a kai. Nawa wani siririn mutum ne mai tsamin baki da ƙaton ciki, na ƙanwata kuwa gizo-gizo ne sosai mai ƙafa takwas. Ranar da aka zana Gizo a littafi aka raba wa aji, Gizo arba'in sun mutu, saura ɗaya. Shin ba za a ce hoto yana rage wa mai hasashe aiki ba, alhali hasashen nan shi ne jarin marubuci?

Uwar_Tagwaye
Yaya, da kakannin suna nan suna tatsuniyar da sai in bi bayanka. A gidaje nawa ake yinta yanzu bayan sallar isha'i? Tagwayena ba su da Gizo arba'in da za a kashe, ba su da ko ɗaya, sai abin da waya ta ba su. Kuma na gwada na gani, idan na karanta musu littafi mai hoto ba sa tsayawa a abin da aka zana, tambaya suke yi a kan abin da ke bayan ƙofar da ba a buɗe ba.

Fensir_da_Gawayi
Tambayar Gizo ta daɗe tana hana ni barci, domin an taɓa ba ni aikin zana shi na mayar da kuɗin. Idan na yi shi gizo-gizo, ta yaya zai hau doki ya je fada ya auri 'yar sarki? Idan na yi shi mutum, ina dalilin sunan, kuma yaya zan yi da Ƙoƙi? Masu zanen Ghana da na Karibiyan sun sha wannan gwagwarmaya da Ananse, wato Gizon tatsuniyoyinsu, wasu suka ba shi jikin gizo-gizo da fuskar mutum, wasu suka sa masa tufafi suka bar ƙafafun. Abin da nake gwadawa yanzu shi ne in nuna inuwarsa kawai a jikin bango, ko hannunsa yana miƙowa daga bayan rumbu, in bar wa yaron sauran. Ban sani ba ko mai bugawa zai karɓa, domin sun fi son a cika shafi da launi.

Malamin_Aji_Uku
Na shigo da tabbaci, ga shi zan fita da aikin gida. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan ba 'yan ajina tatsuniyar Gizo da baki kawai, ba tare da na nuna musu komai ba, sannan in raba musu takarda kowa ya zana abin da ya gani. Su hamsin da uku ne, fensir mai launi kuwa kwali biyu gare mu, don haka za a yi ta karɓa-karɓa.

Mai_Ja_In_Ja
Malam, idan za ka yi, to ka raba ajin biyu, rabi ka fara nuna musu wani zanen Gizo, rabi kada su ga komai, kuma ka zaunar da su nesa da juna domin yara akwai leƙe. Sai ka ɗauki hoton takardun ka turo mana, mu ƙirga Gizo nawa za su fito a kowane ɓangare.

Dattijon_Unguwa
Ka kuma sa kowane yaro ya rubuta sunansa a ƙasan zanensa kafin ka karɓa.